Mun tsinci mage a Mabera: za mu iya riƙe ta, kuma yaushe za ta zama tamu?

"Assalamu alaikum Likita, barka da aiki. Ni malamar makaranta ce, ina zaune a Mabera, cikin garin Sakkwato. Ranar Talatar da ta wuce yarana suka shigo da wata farar mage mai dogon gashi, irin ta waje, da 'yar ƙararrawa a wuyanta. Ba ta gudun mutane, da gani ta saba da hannu. Ta rame, idonta ɗaya yana kwantsa. Mun ba ta abinci ta zauna, yanzu yaran sun ƙi yarda ta tafi. Surukata ta ce a kore ta, wai tsintacciyar mage ba ta mage, kuma ba a san ciwon da ta kwaso ba. Ƙanena da ke karatu a Amurka kuma ya ce a can idan mutum ya tsinci dabba, gidan ajiye dabbobi ne zai rubuta sunansa, ya ba shi abinci da magani, ya riƙe ta a gidansa har mai ita ya zo. Shin akwai irin wannan a Sakkwato? Idan babu, yaya zan yi, kuma yaushe za ta zama tamu? Sannan yaran maƙwabta sun ciro wani ɗan kwikwiyo daga kwalbati suna wasa da shi, nawa ma suna zuwa wurin, abin yana damuna."

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malama. Allah ya saka miki da alheri a kan abincin da kika ba ta.

Idan na fahimce ki, kina son sanin ko akwai wata hukuma a garin nan da za ta tsaya miki ki riƙe magen a matsayin amana, da yadda za ki riƙe ta ba tare da kin jawo wa yaranki ciwo ba, da ranar da haƙƙin mai ita zai sauka daga wuyanki. Maganar kwikwiyo kin kawo ta a ƙarshe kamar ƙari, amma a wurina ita ce ta fi gaggawa. Zan zo kanta. Kafin nan, tun yau ki hana yaranki taɓa shi, ki kuma tambaye su cikin lallashi ko ya taɓa cizon wani ko ya yakushe shi. Yaro yakan ɓoye cizo saboda tsoron duka.

Abin da ƙanenki ya gani a can

Gaskiya ya faɗa miki. Gidajen ajiye dabbobi sun daɗe a ƙasashen Turawa. Na Battersea da ke Landan tun 1860 yake, ƙungiyar ASPCA mai hana zaluntar dabbobi a Amurka kuma an kafa ta a 1866. Tsohon tsarin shi ne mutum ya tsinci kare ko mage, ya kai gidan, a sa a keji, a jira kwanakin da doka ta yanka, waɗanda a yawancin jihohin Amurka tsakanin 3 ne zuwa 7. In mai ita bai zo ba, dabbar ta zama ta gidan. Ko a ba wani mai so, ko kuma in wuri ya cika a yi mata allurar mutuwa. Karnuka da maguna kusan miliyan 6 ke shiga irin waɗannan gidaje a Amurka kowace shekara, don haka kullum a cike suke.

Cunkoson nan shi ne ya haifi riƙo. An daɗe ana ba mutane dabbobin gidan su riƙe na ɗan lokaci, amma a 2020, lokacin korona, da gidajen suka rage ma'aikata suka rufe ƙofa, sai da yawansu suka fara roƙon wanda ya yi tsintuwar da kansa ya riƙe. Tsarin ya bambanta daga gari zuwa gari, amma ƙashin bayansa ɗaya ne. Za a ɗauki hoton dabbar, a rubuta inda aka tsince ta da ranar, a sa a shafin cigiya na gidan. Za a bi jikinta da na'ura a ga ko an dasa mata 'yar ƙwayar shaida a ƙarƙashin fata, wadda girmanta bai wuce ƙwayar shinkafa ba, mai ɗauke da lambar da za ta kai ga mai ita. A yi mata allurar rigakafi da maganin tsutsa, wani wurin har a ba da abinci da keji. Shi kuma mai riƙo ya sa hannu cewa dabbar ba tasa ba ce sai kwanakin sun cika, zai miƙa ta in mai ita ya bayyana, in kuma ya gaza zai iya dawo da ita. A Ingila ma wata doka ta 1990 ta ba wanda ya tsinci kare damar riƙe shi bayan ya sanar da jami'in ƙaramar hukuma, da sharaɗin ba zai rabu da shi ba sai ya yi wata ɗaya a hannunsa. Dasa ƙwayar shaidar kuwa ya zama dole ga karnuka a can tun 2016, ga maguna tun 2024.

Me ya sa suka ga hakan ya fi? Duk wanda ya taɓa aiki a inda aka tara dabbobi ya san amsar farko. Ki tara maguna ashirin daga wurare daban-daban a ɗaki ɗaya, cikin mako guda mura ta zagaye su. Mage dabba ce mai son wurin da ta sani, in ta firgita takan daina ci, garkuwar jikinta ta yi ƙasa, ciwon da ke kwance ya tashi. Amma dalilin da ya fi ƙarfi shi ne cewa dabbar da ta ɓata ba ta yin nisa. An bi bayanan karnukan da aka mayar wa masu su a birnin Dallas na Amurka, aka buga a 2021: kashi 70 cikin 100 an tsince su ne ƙasa da kilomita 1.6 daga gida, kashi 42 kuwa ko mita 120 ba su kai ba. Wani binciken na 2018 a kan maguna ya nuna kashi 75 cikin 100 na waɗanda aka gano suna cikin mita 500 daga inda suka fita. Kenan wanda ya ɗauki dabba ya kai ta ɗaya gefen gari don ya taimaka, ya raba ta ne da layin da mai ita yake bi yana nema.

Mu a nan

Kada ki ɓata lokacin neman irin wannan gida a Sakkwato. Abin da muke da shi asibitocin dabbobi ne, na gwamnatin jiha da asibitin koyarwa na tsangayar likitancin dabbobi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, sai masu zaman kansu. Aikinsu magani ne. Ba su da ɗakin ajiye tsintuwa, kuma ba za su ba ki buhun abinci ba.

Wannan bai kamata ya karya miki gwiwa ba. Idan kika duba da kyau, gidan can ya riga ya sauke ajiyar a kan mai tsintuwa. Abin da ya riƙe a hannunsa shi ne cigiya, da duba lafiya, da wa'adin da kowa ya sani. A garin nan duk wanda ya tsinci dabba ya ba ta ruwa ya riga ya zama mai riƙo, ko ya sani ko bai sani ba. Matsalarmu ita ce yawanci a nan ake tsayawa. Ba cigiya, ba allura, ba wanda ya san ko amana ce ko mallaka, sai ranar da wani ya leƙo ya ga magensa a tsakar gidan maƙwabci, zumunci ya ɓaci. Waɗannan abubuwa kuwa kina iya haɗa su da kanki cikin mako guda.

Tsarin tsintuwa ma ba baƙonmu ba ne. Akuya ko tunkiya ta ɓata a unguwa, kowa ya san gidan mai unguwa za a kai ta. Hadisin Zaidu bin Khalid al-Juhani, wanda ke cikin Muwaɗɗa da Bukhari da Muslim, ya umarci mai tsintuwa ya gane jakar abin da ya tsinta da maɗaurinta, sannan ya yi cigiya shekara guda. Da aka tambayi Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, game da ɓatacciyar tunkiya, ya ce taka ce, ko ta ɗan'uwanka, ko ta kyarkeci. Da aka tambaye shi raƙumi, sai ya ce a bar shi, yana tare da salkarsa da takalminsa, zai je ruwa ya ci itace har mai shi ya same shi. Fatawa ba fagena ba ce, yawan kwanakin da shari'a ta ɗora miki a kan mage ki tambayi malamin da kika yarda da shi. Ni dai a matsayina na likitan dabbobi, bambancin nan tsakanin dabbar da za ta iya riƙe kanta da wadda ba za ta iya ba shi nake amfani da shi kusan kullum. Muzurun da ya girma a bayan rumfunan masu nama da kifi a Kasuwar Daji, jikinsa a murje, ya san inda ruwa yake, wannan raƙumi ne, a bar shi inda yake. Ba ɓata ya yi ba, gidansa ke nan. Taku kuwa, mai dogon gashi da ƙararrawa, wadda ba ta taɓa neman abinci da kanta ba, ita ce tunkiyar. In kun kore ta, mota ko karnuka ko ƙishirwa ɗaya zai same ta, ballantana a zafin Afrilu da Mayu da ke wuce digiri 40.

To ki fara cigiya, kuma ki fara daga kusa. Mai unguwa tukuna, don ya zama shaida cewa ba ɓoye ta kika yi ba. Sai masu shago da mai shayin bakin layi, da malaman Islamiyya, domin yara sun fi manya sanin gidan da ake da mage irin wannan. Kada ki manta da 'yan garuwa da almajiran da ke aiki a gidaje. Su ne ke shiga gida goma a rana, in akwai gidan da wata yarinya take kukan magenta, sun ji. Maigida ya faɗa wa mutane a ƙofar masallaci bayan an fito, ba a ciki ba, tunda an hana cigiya a cikin masallaci. Ki sa a zaurukan WhatsApp na unguwa da na makarantarku. In mako ya wuce shiru, sai a faɗaɗa zuwa asibitocin dabbobi da masu sayar da irin waɗannan maguna, har gidan rediyon Rima in da hali.

Abu ɗaya za ki kiyaye. Irin wannan mage da kuɗi ake sayen ta, don haka za a samu mai cewa tasa ce alhali ba tasa ba. Ki ce an tsinci farar mage a wuri kaza ranar kaza, ki tsaya nan. Launin igiyar wuyanta, da ƙararrawar, da duk wani tabo ko alama a jikinta, ki bar su a cikinki, mai ita ya faɗa. An taɓa kawo mini rigima irin wannan, mutum biyu kowa yana rantsuwa. Ɗayan ya kawo hoton da ya ɗauko a intanet. Ɗayar, wata yarinya da ba ta wuce aji uku na sakandare ba, ta ce a shafa jelar, can kusa da ƙarshe akwai ɗan lanƙwasa, ƙofa ce ta taɓa datse ta. Na shafa cikin gashin, ga shi nan kuwa.

Mako biyun farko

Hajiya surukarki ta yi gaskiya da ta ce ba a san abin da ta kwaso ba, kuma ki gaya mata likita ya ce ta yi gaskiya. Maganin hakan keɓewa ne. Ki ware mata ɗaki ɗaya ko sito mai iska na mako biyu, da kwanon ruwa, da tsohuwar roba mai faɗi cike da yashi don bayan gida. Babba ɗaya ne zai riƙa kula da ita, ya wanke hannu da sabulu duk lokacin da ya fito. Yara su gan ta, amma ban da sumbata, ban da kwana da ita a shimfiɗa. Idan akwai mai ciki a gidan, kada ta kwashe yashin, saboda wata ƙwayar cuta da ke fita a kashin mage wadda kan iya illata ɗan tayi. Ƙwayar tana bukatar kwana 1 zuwa 5 a waje kafin ta iya kama mutum, shi ya sa kwashewa kullum take da amfani.

Ba zan iya cewa ga abin da ke damun idonta ba sai na gan ta. Mafi yawan kwantsar da muke gani murar maguna ce, amma ciwo a kan ƙwayar idon ma yana kawo haka, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Akwai maganin ɗigawa da zai taimaki na farko ya lalata na biyu. Kafin ki kawo ta, ki riƙa goge idon da auduga da ruwan da aka tafasa ya huce, shi ke nan. A asibiti za a duba ƙuma da kaska, a ba ta maganin tsutsa, a duba ko tana da ciki, a buɗa gashin a nemi makero. Maguna masu dogon gashi sukan ɗauke shi ba tare da an gani ba, sai dai a ga zagayayyen tabo ya fito wa yaro a wuya ko a kai. In jikinta ya yarda, a yi mata allurar haukan kare, don mage ma tana kamuwa tana kuma yaɗawa.

Abinci kaɗan-kaɗan, sau uku ko huɗu a rana, tunda ta rame. Dafaffen kifi da aka cire wa ƙaya, guntun nama, dafaffen ƙwai. Mage maciyar nama ce, tuwo da shinkafa zalla ba za su riƙe ta ba. Miyar da ta ji albasa da tafarnuwa tana lalata mata jini. Madara kuma, duk da kowa ita yake fara miƙawa, gudawa take sa yawancinsu.

Ga wanda nake roƙon ki da Allah: kada ki ba ta farasitamol, ko kwata ne. Hantar mage ba ta iya sarrafa shi. Na ga wadda aka ba rabin ƙwaya da dare don tausayi, wai jikinta da zafi. Da safe fuskarta ta kumbura, tafin ƙafafunta sun kumbura, na ɗaga leɓenta na ga dasashin ya koma ruwan ƙasa, tana jan numfashi da baki a buɗe. Matar da ta kawo ta tana ta maimaita cewa ai shi take ba jaririnta. Haka nan kada a fesa mata fiya-fiya ko maganin sauro don ƙuma, kada a yi mata amfani da maganin kaskar shanu ko na karnuka, kada a shafa mata baƙin mai. Duk abin da ya hau gashin mage, cikinta zai shiga, saboda lasa take yi.

Kwikwiyon

Nan ne Sakkwato ta bambanta da garin da ƙanenki yake. A can an kawar da haukan kare daga jikin karnukan gida. A nan yana nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya, kusan duka ta hanyar kare, kuma kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum, sai dai wani ikon Allah. Mutane suna ɗauka sai babban kare mai dalalar da miyau yana bin mutane. Ɗan kwikwiyo ma yana ɗauke da shi, kuma ya fi haɗari ta wata fuska, don cizonsa ana ɗaukarsa wasa. Wani kuma ba ya faɗa ko kaɗan, sai ya yi laƙwas, muƙamuƙinsa ya saki, ya kasa haɗiya, mai shi ya ce ƙashi ne ya maƙale masa ya zura hannu ya ciro. Kada kowa ya zura hannu a bakin kare ko magen da ta kasa haɗiya.

In ya riga ya ciji wani ko ya yakushe shi har fata ta buɗe, a wanke wurin da ruwa da sabulu minti 15 cur, a duba agogo, sannan a tafi asibiti a ranar, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo (UDUTH) ko Asibitin Ƙwararru, a faɗa musu karen ba a san asalinsa ba. Allurar jeri ce, ana farawa ranar, a koma rana ta 3 da ta 7, a cika yadda suka tsara. Addu'a a yi ta, amma ƙona gashin karen a shafa a ciwon ba ya hana komai. Kuma kada a kashe shi a jefar. A tsare shi kwana 10 ana ba shi ci da sha. In ya wuce kwanakin lafiya lau, miyaunsa ba ya ɗauke da cutar a ranar da ya yi cizon. In ya mutu ko ya canza, a kira likitan dabbobi, akwai gwajin ƙwaƙwalwa da ake yi, cibiyar binciken dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato ma tana yi. Ba a jiran kwana goman kafin a fara wa yaro allura.

Sai ki san iyakar wannan ƙa'ida. Kwana 10 magana ce ta cizon da aka riga aka yi. Dabbar da aka tsinta tana iya ɗauke da cutar a ɓoye na watanni, kuma allurar rigakafi ba ta da tabbas a kan abin da ya riga ya shiga jiki. Wannan ya shafi magenku ma, ko da yake wadda ta fito daga gida kwanan nan haɗarinta kaɗan ne. In kin ga sabon ciwon cizo a jikinta, ki nuna wa likita tun farko.

Shi kwikwiyon yana bukatar babban mutum ya ɗauki nauyinsa. Na san ƙarshen kwikwiyon da aka bar wa yaran layi: igiya a wuya, a ja shi nan a ja shi can, in marmari ya wuce a bi shi da jifa. Abin yana ci mini rai, don a addinin da aka gafarta wa mutum saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa, bai kamata mu zuba ido ba. Maigida ya yi magana da iyayen yaran. A fara duba ko uwarsa tana kusa da kwalbatin, in ƙarami ne sosai ita ta fi kowa iya shi. In babu ita, a nemi mai lambu a fadama, ko makiyayi, ko mafarauci, waɗanda dama suna riƙe kare don aiki. Allurar ciwon amai da gudawar jini, wanda ya fi komai kashe 'yan kwikwiyo, ana fara ta daga mako 6 zuwa 8, ta haukan kare kuma a wata 3, a riƙa sabuntawa duk shekara.

Tunda wasu ma za su karanta, bari in ƙara da 'yan jariran mage, don su aka fi kawo mana a kwali. In kun gan su a bayan buhuna ko cikin tsohuwar mota, jikinsu da ɗumi, cikinsu a cike, suna barci, uwarsu kiwo ta tafi. Ku ja da baya ku ba ta sa'o'i. Wanda idonsa bai buɗe ba bai wuce kwana goma ba, yana bukatar shayarwa duk awa 2 zuwa 3 har cikin dare, yana kwance a kan cikinsa, kuma ba ya iya fitsari ko kashi sai an shafa masa gindi da jiƙaƙƙen tsumma mai ɗumi, har ya kai mako 3. A lokacin hunturu sanyi ne ke fara kashe su kafin yunwa, don haka a ɗumama tukuna kafin a ba su komai. Da yawan waɗanda ake cewa an ceto, ɗauke su aka yi daga uwa mai rai.

Yaushe za ta zama taku

Shawarata ita ce ki yi wata ɗaya kina cigiya da gaske, da sanin mai unguwa. In ya wuce ba wanda ya zo, ki ci gaba da riƙe ta kamar taku, da niyyar cewa duk ranar da mai ita ya kawo shaida za ku zauna ku yi magana, sauran hukuncin kuma ki ji daga malamai. Ki adana katin allura da rasiɗan magani. Ki gaya wa yaran tun yanzu cewa tana da masu ita, wataƙila wata yarinya kamarsu tana can tana nema. Ya fi sauƙi su ji yau da su ji ranar da aka yi sallama a ƙofa.

Karin maganar Hajiya akwai abin da ya gani. Babbar mage tana manne da wurin da ta saba, in aka sake ta da wuri za ta kama hanyar tsohon gida, ta ɓace a tsakani. Wadda aka tsare a ɗaki mako biyu zuwa uku, ana ba ta abinci a lokaci ɗaya, yawanci takan zauna. In kuwa kamun ɓera ake so, to Hajiya ta ci gari, irin wannan ba a dogara da ita. Aiki ma za ta ƙara miki, don gashin yana son taza kusan kullum, in ba haka ba ya dunƙule ya ɓoye ƙuma da ƙuraje.

In ta tabbata taku, ki yi tunanin aikin hana haihuwa, amma ba kafin nan ba, don ba a yi wa dabbar wani aikin da ba ya warwaruwa. Mage tana iya ɗaukar ciki tun tana wata 5 ko 6, cikin kwana 63 zuwa 65 ne, kuma tana iya haihuwa sau biyu ko uku a shekara. Yawancin 'yan magen da ake zubarwa a bola daga gidajen da suka fara da guda ɗaya suka fito. In kuma kin ga ba za ki iya ba, babu laifi, ki nemo mata gidan da kika sani da kanki, ki miƙa ta da katinta, ki sanar da mai unguwa inda ta koma. Abin da ba na so shi ne a ɗaure ta a buhu a kai bayan gari.

Ana yawan tambaya ta ko ba gara gwamnati ta gina mana gidan ajiye dabbobi ba. Ni ban ga shi ne farko ba. Masu irin gidajen ma ga shi suna mayar da dabbobin hannun jama'a. Kuɗin gini da ciyarwa, in aka sa shi a allurar haukan kare, ya fi amfani nesa ba kusa ba, domin in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wuri allura cutar takan daina yawo. Ragowar kuwa littafi ne guda a teburin kowane asibitin dabbobi, shafi na wanda ya ɓatar, shafi na wanda ya tsinta, da lambar waya. Ɗaliban tsangayarmu na jami'a za su iya riƙe wannan.

Ranar da za ki kawo ta, ki zo da safe kafin rana ta ɗaga. Ki sa ta a kwando mai murfi ko kwali mai ƙarfi da aka huda, a ɗaure da igiya, da tsumman da take kwana a kai a ciki. Kada yaro ya rungumo ta a kan kabu-kabu, ƙarar hon ɗaya za ta sa ta yakushe shi ta dire tsakiyar titi. Ki shiga Keke Napep, kwandon a kan cinyarki, kuma in kin samu kashinta na safiyar ki ƙullo kaɗan a leda, za a duba ƙwan tsutsa a ciki.